Garinmu na mutuwa: a rushe a sake sabo, ko a gyara na da?

Tun daminar 2024 da ruwa ya yi mana ɓarna a ƙasar nan, musamman lokacin da hotunan tsohon masallacin Birni na Damagaram suka bazu cikin wayoyi bayan ya faɗi a watan Satumba, masallacin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, wata magana ta taso a gurup ɗin WhatsApp na ƴan asalin garinmu kuma har yau ba ta kwanta ba. Tambayar ita ce: garin da aka haife mu yana lalacewa muna kallo, to me ya kamata mu yi, kuma da me za a fara? Mu namu tsohon masallacin ƙasa bai faɗi ba amma bangon gabas ya tsage, sai ƴan uwanmu da ke Abijan suka ce a tara kuɗi a rushe shi a yi na siminti mai hasumiya, wasu daga cikinmu nan Yamai muka ce a'a gadon kakanni ne a gyara, matasan da ke zaune can suka ce ku duka kuna maganar bango mu ko ruwan sha ba mu da shi. Saƙon murya ya fi ɗari a dare ɗaya, har wasu suka fita daga gurup ɗin da fushi.

Na san ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya fito daga wani ƙauye na Adar, ko Illela ne ko Buza ko Keita ko Madawa, in yana zaune Yamai ko Tawa ya taɓa jin irin wannan gardama. Abin da na lura shi ne muna amfani da kalmomi iri ɗaya amma kowa da abin da yake nufi, shi ya sa nake son in warware maganar daki-daki gwargwadon abin da na sani.

Me ake nufi in an ce gari na mutuwa?

A Turai in ka ji an ce ƙauye ya mutu ana nufin mutane sun ƙare, tsofaffi kaɗan suka rage, an rufe lakwal saboda babu yara. Mu namu ba haka yake ba, kuma nan ne ruɗanin farko yake. Ƙidayar 2001 ta samu mutum wajen miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17, jihar Tawa kaɗai ta wuce miliyan 3. Ka shiga kowane ƙauye da hantsi za ka tarar da yara fal, aji ɗaya ya cika har ana zama a ƙasa cikin runfar kara. Wato garin ba fanko ba ne.

Abin da ya ɓace shi ne tsakiyar garin. Akwai yara, akwai mata, akwai tsofaffi, amma namiji mai shekara 18 zuwa 45 da za a ce ya hau bango ya yi yaɓe ko ya shiga rijiya ya yashe ta, daga an gama girbi sai ka neme shi ka rasa. Da ana tafiya bida, wato cin rani, wata biyar ko shida a dawo kafin ruwan shuka, yanzu akwai mai shekara uku huɗu bai taka gida ba, sai dai ya aiko da kuɗi a ɗauki ƴan ƙwadago su nome masa gona. Bayan haka sai sana'o'i su bi baya, maƙeri ya rasu ɗansa na sayar da shayi a Abijan, marina ta cike da shara, masaƙi ko labarinsa yaran yanzu ba su sani ba, kasuwar mako da a da ake cin ta har la'asar yanzu kafin azahar ta watse saboda kowa ya gwammace ya hau babur ya tafi babbar kasuwa ta bakin gudron. To wannan ne mutuwar gari a wurinmu, gida cike da mutane amma babu hannun da zai riƙe shi.

Akwai wani nau'in daban da ba shi nake magana ba, garuruwan da rashin tsaro ya kora mutanensu, kamar abin da ya faru yankin Tiliya a watan Maris na 2021 inda aka kashe bayin Allah fiye da 100 a rana ɗaya. Wanda ya gudu don tsira da ransa ba karo-karon ƴan gari ne zai maida shi gida ba, wannan aikin hukuma ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana zaman lafiya.

Daga ina abin ya faro?

Tafiya bida ba baƙon abu ba ne a Adar, kakanninmu ma sun yi fatauci sun yi cin rani. Ƙasarmu ta duwatsu ce da faƙo, noman wata uku zuwa huɗu ne, sauran watannin in ba ka da fadama ko garka to zaman banza ne, kuma mutumin Adar bai iya zaman banza ba. Amma abin ya canza kama bayan fari na 1973 da 1974, sannan na 1984 wanda har yau tsofaffi ke kira El Buhari saboda ya zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta Najeriya ta rufe iyakarta. A waɗannan shekaru ne dabbobi suka ƙare, itatuwa suka bushe aka sare sauran aka sayar, ƙasa ta zama faƙo ruwa na sauka ya wuce da gudu ya haƙa kwazazzabai. Wanda a da yake tafiya don ya samo kuɗin aure ko na tufafi, ya koma tafiya don gidan ya ci abinci. Sai yunwar 2005 ta sake tuna mana.

Kuma garin da ya dogara da kuɗin waje duk abin da ya taɓa waje sai ya taɓa shi. Rikicin Kodibuwar na 2002 da na 2010 zuwa 2011, yaƙin Libiya na 2011 da ya maido da dubban ƴan uwanmu hannu wofi, rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowane ɗaya a cikin tukunyar matan ƙauye aka fara jin shi.

Sai hanya. Wannan ba a cika faɗinsa ba amma ni ina ganin yana da girma. Garin da gudron ya bi ta cikinsa, irin su Badagishiri ko Tsarnawa ko Galmi, ya samu tasha da shaguna da masu sayen albasa, garin da ke nesa da hanya da kilomita ashirin kuwa sai ya zama wurin kwana kawai. In damina ta sauka kwari ya cika, mace mai naƙuda sai a amalanke. Mushen lakwal in an turo shi wata biyu yana neman a canza masa wuri. Yaron da ya ci jarabawa ya tafi kolej a wani gari, daga nan Tawa, daga nan Yamai, kuma maganar gaskiya ni ma ta wannan hanyar na fita.

Gadon da ake cewa a kare, mene ne shi?

Da an ce kayan tarihi hankalin mutane sai ya tafi kan gini, tsohon masallaci, zauren maigari, ganuwa in akwai sauranta, manyan rumbunan ƙasa irin namu na Adar da baƙo in ya gani sai ya tsaya ɗaukar hoto. Waɗannan gado ne babu shakka. Amma akwai wanda ido ba ya gani: wa ya fara saran dajin ya kafa garin, wace rijiya aka fara ginawa, sunayen gonaki da fadamu da dalilin sunan, iyakar burtali, kirarin kowane gida, wasan da ke tsakanin dangi da dangi, takardun ajami da malamai suka bari cikin gafaka. Sannan akwai na uku wanda ni a ganina shi ne uwa, wato sanin yadda ake yin abin. Wace ƙasa ake ɗiba a yi tubali, kwana nawa ake barin ta ta ruɓa da ciyawa, yadda ake jera azara, yadda ake ɗaurin guga a tada rufi ba ginshiƙi a tsakiya, inda ake sa indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango.

Dalilin da na ce shi ne uwa, ginin ƙasa ba abu ne da ake gamawa a tafi ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an duba rufi, an toshe tsaga, an buɗe indararo, an sake yaɓe inda ya zube. In aka yi haka zai kai shekara ɗari da ɗoriya, ga babban masallacin Agadas nan da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, itatuwan da ke fitowa jikin hasumiyar nan ba ado kaɗai ba ne, su ne matakalar da magina ke hawa in za a yi gyara. A Jenne ta ƙasar Mali ma duk shekara gari ke fitowa kwansu da kwarkwata a yi wa masallaci yaɓe. Amma in aka tsallake damina uku huɗu ba a taɓa gini ba, ruwa zai samu hanya, gara ta shiga azara, wata rana da dare sai a ji rugum. Saboda haka in ka ga bango ya tsage a ƙauye, kafin ka zargi ƙasa ka tambaya ina mutanen da ke yaɓe shi suke. Suna Abijan, suna Legas, suna Libiya. Maganar gini da maganar bida magana ɗaya ce, ba a raba su.

Wani kuskure da ake yawan yi da kyakkyawar niyya shi ne a shafe ginin ƙasa da siminti wai don ya daɗe. Ƙasa tana shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa ba ya barin ta fita, sai ruwan ya taru a ciki bangon ya riƙa ruɓewa ba a gani, ranar da simintin zai ɓamɓaro sai ya taho da rabin bangon. Tsofaffin magina sun san wannan, su makuba suke sa wa, amma wa ke tambayarsu yanzu?

Abin da aka riga aka yi a nan gida Adar

Ba sai mun je nesa neman misali ba, kuma abin na ba ni takaici yadda da yawa cikinmu ba su san wannan ba. A garin Yama, can wajen Badagishiri, a 1962 mutanen gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a suka ba wani magini ɗan garin, Falke Barmu, aikin. Ba kamfani ba ne ba porje ba ne, kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali wani ruwa wani itace. Daga 1975 Falke ya sake gyara rufin ya ɗora ƙubba a tsakiya, sannan aka tada hasumiya huɗu a kusurwoyi kowace da irin surarta, aikin ya kai har 1982. A 1986 wannan masallaci na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, kyautar da manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Abin lura a nan, shekara ashirin ana yi ana ƙarawa, ba a ce dole a bar shi yadda aka fara shi ba. Gado ba ya hana ƙari.

Na biyu garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa. Can ma tsohon masallacin ƙasa ne ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, irin matsalarmu sak. Maimakon a rushe shi, sai aka gina sabo babba a gefensa mai ɗaukar mutum wajen 1000, da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuma aka gyara shi aka maida shi ɗakin karatu na yara da manya. Ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka zana aikin, aka gama a 2018, kuma an kira maginan da suka yi ginin farko suka shiga aikin, sababbi suka koya daga gare su su ma suka koyi sabuwar dabara. A garin kuma an yi wa kasuwa rumfuna masu kyau don ta riƙa ci kullum. Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsohon ginin an ba shi aiki. Ginin da ake shiga kullum ana sharewa, in ya fara yoyo a ranar za a gani. Wanda aka kulle aka ce kayan tarihi ne jemagu ne za su gaje shi.

Amma in ana maganar abin da ya riƙe mutane a garuruwansu da gaske, to ba gini ba ne, ƙasa ce da ruwa. Porjen Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da hukumomin noma da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da PAM, an haƙa ramuka a jikin duwatsu, an jera duwatsun tare ruwa, an yi madatsai a kwaruruka, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma duk wanda ya san aikin zai faɗa maka mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan a ka mata ne, don mazan sun tafi bida, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya wajen Buza tun 1975 aka fara jera layukan bedi don tare iska tare da ƙungiyar agaji ta CARE, har yau suna nan. A Illela kuma ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa rami a faƙo a zuba taki a shuka a ciki, suka dawo suka inganta irin nasu ramin da ake kira tassa, ga kuma ramin tare ruwa da ake kira rabin wata, har ta kai faƙon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Inda ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa rijiya ta yi kusa, inda rijiya ta yi kusa an yi garka, mai garkar albasa ko tumatir da rani kuwa yana da dalilin zama gida. Shi ne wanda za ka samu ranar yaɓen masallaci.

Ɓangarorin da ke jayayya, da gaskiyar kowa

Ƴan bida masu son siminti ba jahilai ba ne kamar yadda wasu ƴan boko ke ɗauka, kuma ina roƙon mu daina yi musu wannan kallon. Mutum ya yi shekara goma yana tura baro ko yana yawo da kaya a ka a ƙasar mutane, ana zaginsa ana kama shi, ya tara ɗan abin da ya tara yana son ya yi sadaka mai gudana a garin ubansa, abin da za a gani a ce wane ya yi. Kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, sun ce wa zai riƙa yaɓen duk shekara tunda mu ba mu nan? Siminti da tol ko ba a taɓa su ba za su yi shekaru. Inda suka yi kuskure a ganina shi ne zaton siminti ba ya son kulawa, ga azuzuwa nan da gidajen likita na siminti a ƙauyuka sun tsattsage iska ta yaye tol ɗin ba mai gyarawa, sannan a watan Afrilu da Mayu wanda ya yi sallar azahar ƙarƙashin tol ya san bambancinsa da soron ƙasa.

Mu kuma na birni masu cewa a kare gado, sai mu yarda da wani abu mai ɗaci. Da yawanmu a gidan siminti muke kwana da fanka, sau ɗaya muke zuwa gida a shekara, da salla ko in an yi rasuwa, sannan muna son a bar mana garin yadda muka san shi muna yara. Ba adalci ba ne ka ce wa wani ya zauna cikin ɗakin da ke yoyo don kai ka zo ka ji daɗin kallo. In muna son ginin ƙasa ya tsaya to mu biya kuɗin tsayuwarsa kowace shekara, ba ranar buki kaɗai ba.

Matasan da ke zaune a garin su maganarsu a fili take, suna son abin yi da rani, suna son rezo mai kyau da wutar cajin waya da filin ƙwallo, in babu to su ma jiran kuɗin mota suke. Mata kuwa, waɗanda su ne ke riƙe da garin wata takwas a shekara, ba su ma cikin gurup ɗin da ake gardamar. Na kira innata na tambaye ta, na ce Inna ke me kike gani, a rushe ko a gyara? Ta ce ɗan nan duk wanda kuka yi Allah ya ba da lada, amma ku sani ruwan da za a kwaɓa ƙasar ko simintin mu ne za mu ɗauko shi, kuma fanfon ya fi wata biyu da lalacewa. Wallahi na daɗe shiru da waya a kunne.

Sai ɓangaren addini, wanda ake jin nauyin taɓawa. Akwai malamai da ke tsoron in an ce a raya al'ada za a dawo da abubuwan azna, tsafi da yanka a gindin itace. Tsoron nan ba a raina shi, kuma ba a magance shi da zagi. Amma rubuta cewa kakanninmu sun yi kaza a wuri kaza kafin su karɓi Musulunci, tarihi ne, ba bauta ba ce. Kuma mafi yawan gadon da ke cikin haɗari ma na malaman ne, takardun da kakanninsu suka rubuta da tawada da alƙalamin kara, da gara da laima ke ci cikin buhu. A nan Yamai cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen adana irin waɗannan rubuce-rubuce na Larabci da ajami. Ko ba a kai su can ba, yaro ɗaya mai waya zai iya ɗaukar hoton kowane shafi a yini biyu, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Ina hukuma a ciki?

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ce ci gaban gari yana hannun kwamin, amma kowa ya san meri ta karkara da kuɗin haraji da na kasuwa take rayuwa, kuma kasuwar da ta mutu ba ta kawo komai. Ba na cewa a sauke wa hukuma nauyinta, hanya da likita da malaman lakwal haƙƙinmu ne kuma a ci gaba da nema. Sai dai tun zamanin samariya lokacin Seyni Kountché, da kafin shi ma ta hanyar gayya, mutanenmu sun saba gina aji da gyaran rijiya da hannunsu. Abin da ya canza shi ne a da ƙarfi ake tarawa, yanzu kuɗi ake tarawa, kuma kuɗi na da wata fitina da gayya ba ta da ita.

Abin da talaka zai gani a ƙasa

In aikin ya tafi daidai, amfanin farko na magina ne da ƴan ƙwadago. Ginin ƙasa kusan duk kuɗinsa a cikin gari yake zama, mai haƙar ƙasa, mai amalanken ruwa, mai yin tubali, mai abinci. Ginin siminti kuwa kuɗin yana fita ne wajen mai sayar da siminti da ƙarfe da tol da mai kaminyo, sau da yawa ma maginin daga birni ake kawo shi. Amma sharaɗin shi ne a biya. Mun saba ɗaukar maginin gargajiya kamar aikinsa taimako ne, a ba shi goro da abinci, na siminti kuma a yi ciniki da shi a biya shi lakadan. Yaro na kallon wannan, wace sana'a kake zaton zai koya? Haka ma matan da ke jido ruwa, in an sa kuɗin komai a lissafi to a sa nasu.

Akwai kuma illolin da ya kamata a sani tun kafin a fara. Karo-karo in an yanka shi daidai wa daida kan kowane gida, mai ɗa a waje ba zai ji ba amma gwauruwa mai marayu za ta sayar da akuyarta don kunya. Faƙon da aka raya da gayya, ranar da ya fara ba da hatsi sai ka ga wani ya fito ya ce na kakansa ne, shi ya sa tun kafin a sa diga ya kamata a zauna da maigari da kwamitin filaye da ake kira kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta na wane ne kuma wa zai ci amfaninsa, a kuma bar wa makiyaya hanyarsu. Sannan maganar amana. Ƙungiyar ƴan gari da yawa ba talauci ya kashe su ba, lissafi ne. Mu ma ya taɓa faruwa da mu shekarun baya, aka tara kuɗin gyaran rijiya aka damƙa wa mutum ɗaya ba rubutu ba shaida, aikin ya tsaya rabi, har yau akwai gidaje biyu da ba su gaisawa. A nan matan asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun fi mu dabara nesa ba kusa ba, akwati a gaban kowa ake buɗe shi, makullai a hannun mutane daban-daban, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji.

Bukin shekara da wasu ke ba da shawara, kokowa da kiɗa da tseren dawaki, ni ban ƙi shi ba, yana sa ƴan gari su dawo su ga juna kuma yara su ji kirarin gidansu. Sai dai in kuɗin da aka kashe wa runfuna da manyan baƙi a kwana biyu ya fi na gyaran fanfo na shekara, to an yi wa garin kwalliya ne kawai an tafi.

Inda tamu gardamar ta tsaya

Bayan kusan wata uku ana ja, dattawan gari suka kira wani tsohon magini da ya yi aiki a masallacin yana saurayi, yanzu ido ya fara rauni. Aka riƙe masa hannu ya zagaya ginin yana shafa bango yana ƙwanƙwasawa, ya ce gindin lafiya lau yake, indararo biyu ne suka toshe ruwa ya kwanta a rufi, sai azara huɗu da gara ta ci. Ya ce in an ba shi samari shida da ruwa zai nuna musu, amma shi ba zai iya hawa ba. Aka ɗauki maganarsa a waya aka tura gurup, kuma abin mamaki ƴan Abijan ne suka fara cewa to a gwada.

Abin da aka tsayar yanzu shi ne a fara da fanfo, don ba a kwaɓa ƙasa da ruwan da mata suka ɗauko daga nisan kilomita uku. Kuɗin da ƴan bida suka riga suka tara ba a taɓa shi ba, yana nan don sabon masallacin Juma'a a filin da ke yamma da kasuwa in Allah ya nufa, tsohon kuma a ci gaba da salloli biyar da karatun yara a cikinsa. Samarin shida za a biya su kuɗin yini kamar yadda ake biyan kowane lebura, an sa mata biyu cikin masu riƙe lissafi, kuma duk ƙarshen wata za a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar maigari sannan a tura gurup. Wahalar da ta rage ita ce azara, don giginya ta yi wuya a yankinmu sai an sayo daga nesa da tsada, wasu na cewa a sa ƙarfe a ciki a rufe da ƙasa, tsohon maginin bai yarda ba tukuna. Lokacin aikin kuma ƙanƙane ne, daga gama girbi zuwa kafin samari su hau mota, kuma biyu daga cikin shidan sun riga sun ce in ba a fara kafin ƙarshen Disamba ba su kam za su wuce.